Siprian na Kartaj

Siprian na Kartaj (sunansa da Latin: Thascius Caecilius Cyprianus, an haife shi tsakanin shekara ta 200 da 210, ya rasu ranar 14 ga Satumba, 258) bishop ne na birnin Kartaj, a ƙasar da ake kira Tunisiya a yau, kuma yana cikin manyan marubutan Kirista na farko da suka yi rubutu da harshen Latin. Kimanin shekara goma kawai ya yi yana shugabancin ikilisiyar birnin, amma a cikin waɗannan shekaru ya ga tsanantawa har sau biyu daga hukumar Roma, da rabuwar kai tsakanin mabiyansa, da wata annoba wadda har yanzu masana tarihi ke kiranta da sunansa. An fille masa kai a zamanin sarki Baleriyan saboda ya ƙi miƙa hadaya ga gumakan Roma. Cocin Katolika, da na Otodoks, da na Anglikan duk suna girmama shi a matsayin waliyyi kuma shahidi.

Farkon rayuwa

Siprian ya fito daga gidan masu arziki waɗanda ba Kirista ba ne. A zamaninsa Kartaj ita ce birni mafi girma a yammacin daular bayan Roma kanta, kuma daga tashar jiragen ruwanta ake ɗaukar alkama da man zaitun da ke ciyar da mutanen Roma. Latin ne harshen mulki da na makaranta, amma a ƙauyuka ana jin harshen Funik, wanda dangin Ibrananci ne, da kuma harsunan Berber. Siprian ya yi karatun balaga da iya magana a gaban jama'a, wanda shi ne ilimin da ke kai mutum ga muƙami a lokacin, har ya zama sanannen malami a wannan fanni.

Ya karɓi addinin Kirista yana babban mutum, a wajajen shekara ta 245 ko 246, ta hannun wani tsohon firist mai suna Kaikiliyanus, kuma an ce don girmama shi ne ya ƙara sunan Caecilius a cikin sunansa. Bayan baftismarsa ya sayar da wani kaso mai yawa na dukiyarsa ya raba wa matalauta, ciki har da lambunansa da ke Kartaj, waɗanda daga baya suka dawo hannunsa. A wannan lokaci ya rubuta ɗan littafinsa na farko, Ad Donatum, inda ya bayyana wa wani abokinsa yadda ya riƙa ganin canja hali abu ne da ba zai yiwu ga mutumin da ya saba da daɗi da girma ba, sai da ya ga ya yiwu a kansa. A littafin ya soki wasannin kisa na filin kallo, da cin hanci a kotuna, da zaluncin masu kuɗi. Jerom ya ruwaito cewa Siprian ba ya wuce yini ɗaya bai karanta rubutun Tertuliyan ba, wato marubucin Kirista na Kartaj da ya gabace shi, kuma yana ɗaukarsa malaminsa.

Ba a daɗe ba aka naɗa shi firist, sannan a shekara ta 248 ko 249 jama'ar ikilisiya suka zaɓe shi bishop. Talakawa ne suka matsa a kan zaɓen. Firistoci biyar daga cikin tsofaffin ma'aikata ba su ji daɗin a ɗora musu sabon tuba a kai ba, kuma wannan ƙorafi ya biyo shi har tsawon shekaru.

Halin da daular take ciki

Daga kisan sarki Seberus Alekzanda a 235 zuwa hawan Diyokletiyan a 284, sarakuna fiye da ashirin suka hau gadon mulkin Roma, kuma yawancinsu sojoji ne suka naɗa su, sojoji kuma suka kashe su. Gotawa suna kai hari ta kogin Danub, Farisa tana matsowa daga gabas, kuɗin azurfa na ta rasa daraja. Afirka ta Arewa ma ba ta tsira ba. A shekara ta 238 masu gonaki suka yi tawaye a garin Tisdrus, wato El Jem ta yau, suka naɗa gwamnan lardin, Godiyan, sarki tare da ɗansa. Cikin 'yan makonni gwamnan Numidiya ya zo da rundunarsa ya murƙushe su a bakin Kartaj, aka kashe mutane da yawa. A shekara ta 248 aka yi bikin cikar birnin Roma shekara 1,000, shekara guda bayan haka kuma Desiyus ya kayar da sarki Filibus Balarabe a kusa da Berona ya karɓi mulki.

Dokar Desiyus da gudun Siprian

Desiyus ya ga masifun daular sun samo asali ne daga sakacin mutane da gumakan kakanninsu. A ƙarshen 249 ko farkon 250 ya ba da doka cewa kowane mazaunin daular ya je gaban kwamitin garinsu ya zuba hadayar sha, ya miƙa hadaya, ya ɗanɗani naman, sannan a ba shi takardar shaida. Ana kiran wannan takarda libellus, wato ɗan ƙaramin littafi, kalmar da daga gare ta Turanci ya samo kalmarsa ta ɓata suna a rubuce. An gano irin waɗannan takardu fiye da 40 a Masar, rubuce da Girkanci a kan takardar fafirus, ɗauke da sunan mai hadaya da sa hannun shaidu. Dokar ba ta ambaci Kirista da suna ba, amma su ta fi shafa, domin addininsu ya hana su yin abin da ta nema. Fabiyan, bishop na Roma, yana cikin waɗanda suka fara mutuwa, ranar 20 ga Janairu, 250.

A Kartaj jama'ar gari suka yi ta ihu a filin kallo cewa a jefa Siprian ga zaki. Shi kuwa ya fice daga birnin ya ɓuya, hukuma ta sa hannu a kan dukiyarsa. Ya yi fiye da shekara guda a ɓoye yana tafiyar da ikilisiya ta hanyar wasiƙu, yana aika kuɗi ga fursunoni, da gwauraye, da baƙi. Wannan mataki shi ne abin da ya fi jawo masa suka a rayuwarsa. Ma'aikatan ikilisiyar Roma, waɗanda bishop ɗinsu ya mutu a hannun hukuma, sun aika wasiƙa Kartaj da habaici a kan makiyayin da ke barin tumaki idan kyarkeci ya zo. Siprian ya kare kansa da cewa zamansa a gari zai ƙara hura wutar tarzoma a kan sauran masu bi tunda shi fitaccen mutum ne, kuma ya aika wa Roma kwafin wasiƙu goma sha uku da ya rubuta don su ga bai yi barci ba. Hujjar tana da ƙarfi, amma ba ta rufe bakin waɗanda aka azabtar a kurkuku ba, kuma da wuya a ga laifinsu.

Abin da ya faru a bayansa ya fi gudun nasa muni. A littafinsa De lapsis ya bayyana yadda Kirista da yawa suka ruga dandalin birni tun kafin a kama su, wasu suna roƙon mahukunta kada a ɗage nasu zuwa gobe da magariba ta yi, wasu kuma suna ɗauke da jarirai. Akwai waɗanda suka miƙa hadaya sosai, akwai waɗanda suka ƙona turare, akwai kuma waɗanda suka ba da cin hanci aka rubuta musu takardar ba tare da sun yi komai ba. Dukansu ana kiransu lapsi, wato waɗanda suka faɗi. A ɗaya ɓangaren akwai waɗanda suka tsaya, kamar Mafalikus, wanda ya mutu a hannun masu azabtarwa a watan Afrilun 250.

Rikici a kan waɗanda suka faɗi

Da tsanantawar ta lafa, dubban mutane suka dawo suna neman a karɓe su. A al'adar ikilisiyar Afirka, wanda ya sha ɗauri ko azaba saboda bangaskiyarsa yana da ikon roƙa wa mai zunubi afuwa a wajen bishop. Sai waɗannan masu shaida suka fara raba takardun sulhu barkatai, wasu ma ba su ɗauke da suna sai dai su ce a karɓi wane tare da mutanensa, abin da ke iya nufin mutum ashirin ko talatin. Wani mai suna Lukiyanus ya kai ga shelanta afuwa ga kowa da kowa da sunan dukan masu shaida. Firistocin nan da ba su so zaɓen Siprian ba suka goyi bayan wannan sassauci, tare da wani dikon mai suna Felikisimus, suka fara ba waɗanda suka faɗi Jibin Ubangiji ba tare da izinin bishop ba.

A Roma kuma matsalar ta fito ta ɗaya gefen. An zaɓi Korneliyus bishop a watan Maris na 251, sai wani malami mai suna Nobatiyan ya ce ikilisiya ba ta da ikon yafe wa wanda ya yi ridda ko kaɗan, ya sa aka naɗa shi bishop na hamayya. Siprian ya sami kansa tsakanin masu buɗe ƙofa gaba ɗaya da masu rufe ta gaba ɗaya. Har ta kai akwai mutum uku a Kartaj kowa na kiran kansa bishop: shi, da Fotunatus na masu sassauci, da Maksimus na ɓangaren Nobatiyan.

Ya koma birnin bayan Ista ta 251 ya tara bishop-bishop na Afirka. Taron ya yanke cewa a duba kowane mutum shi kaɗai. Waɗanda suka sayi takarda za a karɓe su bayan sun nuna tuba, waɗanda kuma suka miƙa hadaya za su ci gaba da tuba, a karɓe su idan mutuwa ta matso. Shekara ɗaya ko biyu bayan haka, da aka ji alamun sabuwar tsanantawa a zamanin sarki Galus, wani taron ya buɗe ƙofa ga duk wanda ya dawwama a kan tuba, bisa dalilin cewa ba a tura mutum fagen fama ba tare da an ba shi makami ba. A lokacin wannan rikici ne ya rubuta littafinsa mafi shahara, De ecclesiae catholicae unitate, a kan ɗayantakar ikilisiya, inda ya koyar da cewa ikilisiya ɗaya ce, bishop-bishop suna riƙe da muƙami guda tare, kuma wanda ya ɓalle daga gare ta ya yanke kansa daga ceto ko da ya mutu saboda sunan Almasihu. Babi na huɗu na littafin ya zo a siga biyu, ɗaya ta fi ɗaukaka matsayin Bitrus, kuma Katolika da Furotesta sun daɗe suna jayayya a kansu. Masana da yawa a yau na ganin Siprian ne ya rubuta duka biyun a lokuta daban.

Desiyus kansa ya mutu a watan Yunin 251 a yaƙin Abritus, a ƙasar Bulgeriya ta yau, a hannun Gotawa. Shi ne sarkin Roma na farko da ya mutu a fagen yaƙi da abokan gaba na waje.

Annobar Siprian

Kafin ikilisiya ta gama ɗinke ɓarakarta, annoba ta iso. Tsofaffin marubuta sun ce daga Habasha ta taso. Ta bayyana a Iskandariya a wajajen 249, ta kai Roma a 251, ta shiga Kartaj a wajajen 252, kuma ta yi ta kai da komo a cikin daular fiye da shekara goma. Wani littafin tarihin sarakunan Roma, Historia Augusta, ya ce akwai lokacin da mutum 5,000 ke mutuwa a yini guda, sai dai an san littafin da ƙarin gishiri. A Luksor ta Masar, masu haƙar kayan tarihi 'yan Italiya sun gano gawarwaki na wannan zamani da aka zuba musu farar ƙasa aka kuma ƙona wasu, a cikin wani tsohon kabari da aka mayar wurin zubar da matattu.

Ana kiran annobar da sunan Siprian domin shi ne ya bar bayanin alamunta mafi cika, a huɗubarsa De mortalitate. Ya ambaci gudawa mai ƙarar da ƙarfin jiki, da zazzaɓi mai haddasa miki a maƙogwaro, da amai ba ƙaƙƙautawa, da jajayen idanu, da ruɓewar ƙafafu ko wasu gaɓoɓi har a yanke su, da kurumta da makanta ga wasu. Daga wannan bayani masana suka yi ta hasashe: wasu sun ce agana ce, wasu ƙyanda, wasu mura mai tsanani. Masanin tarihi Kyle Harper, a littafinsa The Fate of Rome na 2017, ya karkata ga cewa zazzaɓi ne mai sa zubar jini irin dangin Ebola.

Pontiyus, dikon da ya rubuta tarihin rayuwar Siprian, ya bayyana yadda birnin ya koma. Mutane suna gudun 'yan'uwansu, ana fitar da marasa lafiya waje tun da sauran numfashi, gawarwaki na kwance a kan titi, wasu kuma hankalinsu na kan dukiyar mamatan. A cikin wannan hali Siprian ya tara jama'arsa ya ce musu kula da nasu kaɗai ba wani abin yabo ba ne, tunda kowa na yin haka. Ya umarce su su yi jinya su binne har da waɗanda ba Kirista ba, wato mutanen da shekara biyu kacal da suka wuce suke ihun a jefa shi ga zaki. Aka raba aikin bisa ƙarfin kowa: masu hali suka ba da kuɗi, marasa hali suka ba da jikinsu.

Huɗubar De mortalitate ta nuna cewa tsoro ya shiga zukatan Kirista ma. Abin da ya fi damun wasunsu shi ne ganin cutar tana ɗaukar mai bi kamar yadda take ɗaukar mai bautar gumaka. Siprian bai yi musu alkawarin kariya ba. Ya ce muddin suna cikin wannan duniya jikinsu ɗaya ne da na sauran mutane: idan fari ya zo yunwa ba ta tsallake gidan kowa, idan maƙiya suka ci gari kowa ake kamawa, idan jirgin ruwa ya fashe a kan dutse duk wanda ke ciki ya shiga ruwa. Bambancin da ya gani yana cikin yadda mutum ke ɗaukar abin. A ganinsa annobar tana gwada kowa: ko mai lafiya zai yi jinyar mara lafiya, ko dangi za su riƙe danginsu, ko iyayengiji za su tausaya wa bayinsu, ko likitoci za su tsaya wa masu kiransu. Wasu kuma suna baƙin cikin cewa zazzaɓi zai kashe su a gado su rasa darajar shahada, sai ya ce musu Allah yana duban niyyar zuciya. Ya kuma hana sa baƙaƙen tufafin makoki, yana ganin hakan zai sa maƙwabta su ce Kirista ba su gaskata abin da suke faɗa game da tashin matattu ba. Wannan sashe na huɗubar yana da tsauri ga mai karatu na yau, musamman idan aka tuna cewa masu sauraronsa suna binne 'ya'yansu ne a makon.

A waje kuma ana ɗora wa Kirista laifin komai. Wani mutum mai suna Demetiriyanus yana yaɗa cewa yaƙe-yaƙe, da annoba, da yunwa, da ƙarancin ruwan sama duk sun zo ne saboda Kirista sun ƙi bauta wa gumaka. Siprian ya mayar masa da martani a littafin Ad Demetrianum. Ya ce duniya ce ta tsufa: ruwan hunturu ya ragu, zafin da ke nunar da amfanin gona ya ragu, ma'adinan azurfa da zinariya sun ƙare, manoma sun yi ƙaranci a gona, adalci ya yi ƙaranci a kotu. Ya juya zargin a kan masu zargi, ya ce mutumin da ke dukan bawansa yana hana shi abinci ba shi da bakin kuka idan Ubangijinsa ya hore shi. Siprian ya gaskata cewa ƙarshen duniya ya kusa, kuma wannan tunani yana bayan kusan duk abin da ya rubuta a shekarun nan.

A Iskandariya ma bishop Diyonisiyus ya ba da labari mai kama da wannan, na Kirista da suka kamu suka mutu a wajen jinya. Masanin zamantakewa Rodney Stark ya yi amfani da waɗannan labarai a littafinsa The Rise of Christianity na 1996, inda ya ce jinya ta ruwa da abinci kawai tana iya rage mace-mace, kuma hakan ya taimaka wajen yaɗuwar addinin. Wasu masana na ganin ya dogara da yawa ga abin da Kirista suka rubuta game da kansu.

A daidai wannan lokaci, a wajajen 253, wasu ƙabilu suka kai hari Numidiya, a gabashin Aljeriya ta yau, suka kwashe Kirista maza da mata. Bishop-bishop takwas na yankin suka rubuto neman taimako. Ikilisiyar Kartaj, duk da halin da take ciki, ta tara sestas 100,000 na kuɗin Roma ta aika don fansarsu, tare da sunayen waɗanda suka ba da gudummawa.

Saɓani da Istifanus na Roma

Rabuwar Nobatiyan ta haifar da wata tambaya: wanda aka yi wa baftisma a cikin ƙungiyar da ta ɓalle, idan ya dawo, za a sake yi masa? Al'adar Afirka tun zamanin bishop Agrifinus ita ce a sake, kuma Siprian ya tsaya a kanta, yana cewa wanda ba shi da Ruhu Mai Tsarki ba zai iya ba da shi ba. Istifanus, bishop na Roma daga 254 zuwa 257, ya ce ɗora hannu ya isa, ya kuma yi barazanar yanke zumunci. Ranar 1 ga Satumba, 256, aka yi taro a Kartaj inda aka rubuta ra'ayin bishop-bishop 87 ɗaya bayan ɗaya, dukansu suna goyon bayan Siprian. Firmiliyan na Kaisariya ta Kafadokiya, a Turkiyya ta yau, shi ma ya mara masa baya da wasiƙa mai zafi. Mutuwar Istifanus a watan Agustan 257 ce ta kwantar da maganar. Daga baya matsayin Roma ne ya yi rinjaye, kuma taron Arles na 314 ya tabbatar da shi.

Kora da shahada

Baleriyan ya hau mulki a 253, kuma da farko bai taɓa Kirista ba. A 257, yana fama da Farisa da annoba da ƙarancin kuɗi, ya ba da doka cewa shugabannin ikilisiya su bi al'adun addinin Roma, ya kuma haramta taro da shiga maƙabartun Kirista. Ranar 30 ga Agusta, 257, aka kawo Siprian gaban gwamna Asfasiyus Faternus. Ya amsa cewa shi Kirista ne kuma bishop, ya ce yana yi wa sarakuna addu'a kullum, amma ya ƙi bayyana sunayen firistocinsa. Aka kore shi zuwa Kurubis, wani ƙaramin gari a bakin teku da ake kira Korba a yau. Pontiyus ya bi shi can. Daga wurin ya riƙa aika wasiƙu da kuɗi ga bishop-bishop da masu bi da aka tura aikin bauta a ma'adinan Numidiya, inda aka aske musu rabin kai aka sa musu mari.

A 258 doka ta biyu ta fito mai tsanani: a kashe bishop-bishop da firistoci da dikon-dikon nan take, a ƙwace dukiyar manyan Kirista. Ranar 6 ga Agusta aka kashe Sistus na biyu, bishop na Roma, a cikin maƙabarta tare da dikon huɗu. A lokacin an riga an dawo da Siprian Kartaj yana zaune a lambunansa. Manyan mutane daga tsofaffin abokansa sun ba shi wurin ɓuya, ya ƙi. Sau ɗaya kawai ya kauce, lokacin da ya ji za a kai shi Utika inda gwamna yake, domin yana ganin bishop ya kamata ya ba da shaidarsa a garinsa a gaban jama'arsa. A wasiƙarsa ta ƙarshe ya gargaɗi masu bi kada su ta da tarzoma, kada kuma wani ya kai kansa ga hukuma da gangan.

An kama shi ranar 13 ga Satumba, ya kwana a gidan ɗaya daga cikin jami'an, jama'a kuwa suka kwana a ƙofar gidan. Washegari sabon gwamna, Galeriyus Maksimus, wanda shi ma ba shi da lafiya, ya yi masa shari'a a wata gona da ake kira ta Sekstus. Shari'ar ba ta ɗauki lokaci ba. Gwamna ya umarce shi ya miƙa hadaya, ya ƙi. Ya ce masa ya sake tunani, ya ce babu abin tunani a magana bayyananniya irin wannan. Aka karanta hukuncin kisa da takobi, shi kuma ya gode wa Allah. A wurin kisan ya tuɓe mayafinsa ya durƙusa ya yi addu'a, ya ce a ba mai sarar zinariya 25, ya ɗaure idanunsa da kansa, wani firist da wani ƙaramin dikon suka ɗaure masa hannu. Masu bi suka shimfiɗa ƙyallaye a gabansa don su tari jininsa. Da dare suka ɗauki gawar da kyandirori da tociloli suka binne ta a maƙabartar wani jami'i mai suna Makrobiyus Kandidiyanus. Gwamnan ya mutu 'yan kwanaki bayan haka. A 260 sarki Shafur na Farisa ya kama Baleriyan da ransa a kusa da Edesa, ɗansa Galiyenus kuma ya dakatar da tsanantawar ya mayar wa ikilisiyoyi wurarensu.

Rubuce-rubucensa da harshensa

An samu ƙananan littattafai kusan goma sha biyu na Siprian, da tarin wasiƙu fiye da 80, waɗanda kimanin 65 daga ciki shi ya rubuta, sauran kuma aiko masa aka yi. Ban da waɗanda aka ambata akwai De dominica oratione a kan Addu'ar Ubangiji, da De opere et eleemosynis a kan sadaka, da De bono patientiae a kan haƙuri. Latin ɗinsa mai santsi ne, na wanda ya koyar da balaga, kuma yana kula da kiɗan ƙarshen jimla. Ya fi na Tertuliyan sauƙin karantawa, ko da yake bai kai shi kaifin tunani ba.

Masana harshe suna daraja tarin wasiƙun saboda wani dalili. Wasu daga cikin masu rubuto masa ba su yi zurfin karatu ba, kamar Keleriyunus da Lukiyanus, kuma Latin ɗinsu ya fi kusa da wanda ake magana da shi a titi, mai ɗauke da alamun canje-canjen da daga baya suka bayyana a harsunan da suka fito daga Latin. Haka kuma Siprian ya kawo ayoyin Littafi Mai Tsarki masu yawa daidai da yadda suke a fassarar da ake amfani da ita a Kartaj, musamman a littafin Ad Quirinum. Tunda ya rayu fiye da shekara ɗari kafin fassarar Jerom, ayoyinsa suna cikin manyan shaidu a kan tsohuwar fassarar Latin ta Afirka. Wani tsohon kundin Linjila da ke ajiye a birnin Turin na Italiya, Codex Bobiensis, ya yi daidai da nassinsa ƙwarai.

Bayan rasuwarsa

Tarihin da Pontiyus ya rubuta ana ɗaukarsa tarihin rayuwar mutum na farko da wani Kirista ya rubuta, ko da yake yabo ya yi masa yawa kuma babban burinsa wanke Siprian daga zargin gudun 250. Labarin shari'arsa kuma, Acta proconsularia, ya dogara ga bayanan kotu. An gina majami'u da sunansa a Kartaj, ɗaya a wurin da aka kashe shi, ɗaya a kan kabarinsa, wata kuma kusa da tashar jiragen ruwa, inda Monika ta kwana tana addu'a a daren da ɗanta Agustin ya sulale ya tafi Roma a 383. A ƙarni na huɗu da na biyar 'yan Donatus suka riƙa kafa hujja da Siprian a kan sake baftisma, Agustin kuwa ya amsa musu a littafinsa De baptismo da cewa Siprian ya yi kuskure a wannan batu amma bai taɓa raba ikilisiya a kansa ba. Marubucin tarihi Prokofiyus ya ce matuƙan jiragen ruwan Kartaj suna kiran guguwar da ke tasowa a lokacin idinsa da sunansa.

Cocin Katolika na tunawa da shi ranar 16 ga Satumba tare da Korneliyus, wanda ya mutu a kore a 253. Cocin Ingila na tunawa da shi ranar 15 ga Satumba, na Otodoks kuma ranar 31 ga Agusta. Tun ƙarni na huɗu ake rikita shi da wani Siprian na Antakiya, wanda labari ya ce boka ne da ya tuba. Sunan ya yaɗu tsakanin Kiristan Najeriya, kuma cikin masu ɗauke da shi akwai marubuci Cyprian Ekwensi, wanda aka haifa a Minna a 1921, da Fada Cyprian Michael Iwene Tansi, wanda Fafaroma John Paul na biyu ya ayyana shi mai albarka a ziyararsa Najeriya a 1998.